Safar da Gado Ya Ƙi Tuɓewa

Mushe Arzika, kamar yadda muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, ya zo rumfata, ya zauna a kan buhun gujiya, ya sha ruwana, ya karɓi dala sittin a hannuna, kuɗin gyaran keken da ɗana ya faɗi da shi. Ya tashi ya tafi bai gaya mini ƙarfen keken ya huda ƙafar yaron ba. Kuma ya sani, don da hannunsa ya ɗaure ciwon. Abin da ya yi mini ke nan. Na fara da shi ne don kada wani ya yi ta karatu yana neman inda na dosa.

Ni Nomau ba malami ba ne. Shekara uku na yi a lakwal, zamanin da gardi, dogarin Bature, ke bi gida-gida yana kama yara, sannan ubana ya ba da tunkiya aka sake ni. Ƙirga da karatun sikeli kaɗai na tsira da su, su ne suka sa nake awon gujiya wa wani kanti a Dogon Dutsi. In rubutun nan ya karkace a yi haƙuri da shi. Don iyaye maza irina na yi shi.

Gado ɗan farina ne, shekararsa goma sha uku. Kowa ya san yadda muke da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka zama hira da shi, in ya shigo zaure ka kau da kai. Ko Gadon nan ba sunan yanka ba ne, kakarsa ce ta laƙaba masa. Ita ta raine shi. Da ta rasu ya dawo gidanmu, gidan da uwa ke kunyarsa, uba ke kunyarsa. In muna da magana da shi sai mu bi ta bakin yayata Kulu, wadda katanga ɗaya ta raba mu da ita. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi, har ana yabonmu.

Mushe Arzika shi ya kawo ƙungiyar sikut garin. Yara goma sha biyu ya tara, aka ɗinka musu gajeren wando, da ƙyallen wuya, da safa doguwa har gwiwa. Gaisuwarsu ɗaga yatsa uku. Kowane abu yaro ya iya, kunna wuta ko ƙulla igiya, sai a ba shi lamba, wani ɗan ƙyalle da ake ɗinkawa a hannun riga. Da aka ce kyauta ne na yarda. Kyautar ta ci mini kuɗin tela, ta ci na safa, ta ci na hayar keke duk ranar Alhamis, don a shekarar lambar keke suke nema. An ce wani Bature zai zo daga Yamai ya liƙa musu ita da kansa.

Ranar da Mushe ya zo rumfata lokacin awo ne, manoma sun yi layi da jakunansu.

Ya ce, "Malam Nomau, ina aiki?"

Na ce, "Aiki da godiya, Mushe."

"Ɗiyanka ya ɗan yi ɓarna shekaranjiya. Ƙafar keke ta lanƙwashe, mai haya ya ce dala sittin."

Na ce, "Dala sittin? Keken ne ko jaki da kayansa?"

Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Na ƙirga na ba shi. A bakina akwai tambaya: shi yaron fa? Amma ga maza sun fi ashirin suna kallona, kuma wanda ya tambayi lafiyar ɗan farinsa a bainar jama'a ya zama abin hirar kasuwa har wata kakar. Sai na ce kawai, "Lahiya dai ko?"

Ya ce, "Lahiya lau. Sikut ba ya faɗuwa, sauka yakai."

Satin farko abin da na gani ɗingishi ne kaɗan. Sai safa. Da ita yake zuwa rijiya, da ita yake kwana, da ita yake salla. Na ɗauka yanga ce ta 'yan lakwal. Na ce wa Yaya Kulu, "Ki ce ma yaron ga shi tuɓe safa, ba ɗan kumandan ba ne."

Ta leƙo ta katanga ta ce, "Kai Bature, har barci da safa? Ƙafarka ta fi tamu tsada?"

Ya ce, "Doka ce, Gwaggo."

Ta ce, "To Allah shi kai mu ranar da dokarku za ta ce a yi wanka."

Duka muka yi dariya, har da shi. Uwarsa ta ji wari a ɗakinsa, ta ɗauka gumin ƙafa ne. Ta ajiye masa sabulu a bakin ƙofa ta wuce. Iyakar abin da muka yi ke nan a kwana bakwai.

Sati na biyu akushinsa ya fara dawowa da tuwo a ciki. Ya ce wa gwaggonsa muƙamuƙinsa ke ciwo. Muka ce haƙori ne. Na kira wanzami, ya yi masa ƙaho a wuya, ya so duba maƙogwaro, bakin ya ƙi buɗuwa fiye da faɗin yatsa. Na biya shi ya tafi. Kashegari da hantsi wata mata ta saki taɓarya a turmi a tsakar gida, sai muka ji gurnani daga ɗakin. Muka same shi ya banƙare, ƙeyarsa da dugadugansa kaɗai ke taɓa tabarma, bayansa ya tashi kamar baka.

Yaya Kulu 'yar bori ce tun tana budurwa. Da jikin ya saki ta zauna kusa da kansa ta ce, "Gado, ina ka faɗi?"

Ta cikin haƙora ya ce, "Gangaren bayan dutse."

Ta dafe ƙirji. Ta ce a gindin gangaren nan akwai gawon da aljana Doguwa ke hutawa da tsakar rana, su kuwa sun bi ta kanta da ƙararrawa. Sai an roƙe ta. Na sayi baƙar akuya, aka kira mai goge. Da ya ja gogen yaron ya sake banƙarewa, matan suka ce, "Ta zo, ta amsa." Ni kuma ta gefena na karɓo rubutu wurin malami, amma ruwan sai ya bi gefen baki ya zuba. Kwana uku muka ɓata a haka. Ban zargi Yaya Kulu ba. Zanenta na fita ta sayar ta biya mai goge, kuma da abin da ta sani ta taimaka. A kwanakin nan duka ba wanda ya taɓa safar, don in an kai hannu sai ya janye ƙafar, mu kuwa hankalinmu na wajen baki da baya.

Sati na uku muka ɗora shi a kan ƙyaure, mutum huɗu, muka kai shi asibiti. Layi ya kai har gindin bishiyar bakin hanya. Ga mata da jarirai, ga wani tsoho da kurkunu a ƙafa, ga Hillani da suka kwana a hanya. Muka ajiye ƙyauren a ƙarshen layi. Babban mai allura, wanda ake ce wa Majo, Bazabarme ne, Hausarsa da nauyi. Ya fito zubar da ruwa, ya hango fuskar yaron, ya ajiye kwanon a nan inda yake tsaye.

Ya ce, "Ku shigo da wanga."

Masu layi suka yi gunaguni, bai ko waiwaya ba. Ya gwada sa cokali a bakin, ya ƙi shiga. Ya ce, "Ina ciwon?"

Na ce, "Ba shi da ciwo."

Ya ce, "Akwai."

Ya duba hannu, ya duba kai, ya zo kan safa. Almakashi ya ɗauko ya tsarge ta. A ƙarƙashinta ga ƙyallen wuyan sikut an naɗe a sharaɓa, an ƙulle shi ƙulli mai kyau, ya manne da nama. Da ya jiƙa ya ɓamɓare, ɗakin ya cika da wari. Ramin kansa bai fi faɗin ƙwandalar tamma ɗaya ba, amma ya yi zurfi, gefensa ya yi baƙi.

Majo ya dube ni. "Kai ne uban?"

Na ce ni ne.

"Kwana nawa?"

Na ce ban sani ba.

"Gida guda kuke kwana?"

Ya ce sunan ciwon tetanos, yana shiga ta inda ƙarfe ya huda, musamman a wurin da dabbobi ke bi. Sai ya faɗi maganar da har yau take kunnena: "Da kun kawo shi ranar da ya faɗi, allura guda ce, kuma kyauta."

Ya tambayi yaron wa ya ɗaure masa. Gado ya dube shi, ya ɗaga yatsa uku da ƙyar, ya mayar.

Kwalba biyu ta maganin kaɗai ke hannun Majo, ya yi masa duka ranar. Ya ce ana buƙatar da yawa, sai an sayo daga Yamai. Ya rubuta takarda, na biya kuɗin buga waya, na biya direban motar da za ta kawo, ga kuɗin maganin kansa wanda da na ji sai da na zauna. Ina da saniya guda a hannun wani Bahillace a wajen Ɗan Kassari. Na aika masa. Da kansa ya koro ta, ya zo da ƙwaryar nono don yaron, ya ƙi karɓar ladan kiwonsa na shekara. Allah ya saka masa.

Majo ya ba mu ɗan ɗakin da ke ƙarshen gini, ya rataya tabarmi a taga. Ya ce duhu da shiru su ne rabin maganin, don ƙara ko haske kaɗan ke tayar da ciwon. To ku gaya mini yadda ake hana dangi dubiya. Suka taso daga Dumega, suka taso daga Tibiri, kowa da ƙwaryarsa ta fura, kowa na son ya leƙa ya ce, "Sannu Gado! Allah shi ƙara sauƙi!" Kowace sannu sai ta banƙare shi. Na koma bakin ƙofa ina korar mutanen da suka yi tafiyar yini don su. Ƙanin ubana ya ce, "Nomau, yaushe ka zama gardi?" Ya juya da furarsa. Har yau ba ya amsa gaisuwata da baki, sai da kai.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne fuskar. Ciwon ya ja masa leɓe baya, haƙora a waje, kamar mai murmushi. Duk wanda ya samu ya leƙa sai ya fito yana cewa, "Alhamdu lillahi, har murmushi yakai." Majo ya ce mini a gefe, "Ba murmushi ba ne. Ciwon ne ke jan naman fuska." Mushe Arzika ma ya zo sau ɗaya. Ya tsaya a ƙofa ya duba, ya ce, "Ka gani? Sikut na gaskiya, ko cikin wahala murmushi yakai." Na yi masa godiya. Har bakin hanya na raka shi.

Kashegari na je kasuwa sayar da saniya. Mai hayar kekuna, wani Bayarabe da ke da rumfa kusa da mahauta, ya kira ni ya yi mini jaje. Ya ce, "Tun ranar na san za a ji jiki. Keken nan ba birki, fedarsa babu roba, ƙarfe ne tsirara. Na ce wa Mushe kada ya kai su gangare da shi, ya ce shi ne mai araha. Da ya dawo da shi, jini har kan sarƙa." Ya ce ya ji da kunnensa Mushe ya tara yaran a bayan rumfarsa, ya sa kowa ya ɗaga yatsa uku ya yi alkawarin ba zai faɗa ba sai Bature ya zo ya tafi. In kumandan, Baturen mulki, ya ji an ji ciwo zai hana sikut ɗin, lambar kowa ta tafi.

Na tsaya riƙe da igiyar saniya. Dillali na ta magana ban ji ba. Da ya sallama ta a kan kuɗin da ko maraƙi ya fi su, ban ja ba. Zuciyata ta ce in wuce lakwal kai tsaye. Na ce a'a, sai yaron ya tashi, mu je tare.

Jinya ta koya mana abin da ba mu iya ba. Akwai gurbin haƙori guda a gefen bakinsa, ta nan ake ɗiga masa kunu da ɗan karan dawa, ɗigo-ɗigo, rabin ludayi ya ɗauki daga azahar zuwa la'asar. Uwarsa ce ta fara ajiye kunya. Ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta a gaban kowa, ba ta sake fita ba. Ni sai da Majo ya ce, "Zo ka riƙe min shi," sannan na shiga. Na kama kafaɗunsa. Ban san yadda ake riƙe shi ba. Rabon hannuna da jikinsa tun yana cikin tsumma, shi ma a ɓoye.

Sati na huɗu magani ya iso. Kwana shida ya yi a hanya, motar ta lalace a Doso. Majo ya yi masa, ya ce, "Mun makara, amma Allah ba ya makara." Mutumin nan bai taɓa karɓar ko goro a hannuna ba, kuma ko ranar hutunsa sai ya leƙo. Kwana biyu jikin ya yi sanyi, banƙarewar ta ragu. Rana ta biyu da hantsi, uwarsa ta fita wanke tsumma, mu biyu kaɗai a ɗakin, sai na ji ya ce ta cikin haƙora, "Baba."

Na ce, "Na'am."

"An ba da lamba?"

Na ce, "Ba a ba da ba tukuna."

"Ni na fi su saukowa. Kahin in faɗi."

Na ce, "Na sani."

Hirarmu ke nan, ni da ɗana, tun da aka haife shi.

Kashegari Baturen ya zo. Aka yi taro a filin lakwal, aka liƙa wa yara goma sha ɗaya lamba. Da aka gama, Mushe ya so ya nuna wa baƙonsa yadda sikut ba sa manta ɗan'uwansu. Ya jero su a kan kekuna, suka biyo hanyar asibiti, suka tsaya daidai bayan tagar da muka rufe da tabarmi. Ya ɗaga hannu, duka suka kaɗa ƙararrawa tare, suka ɗauki waƙa. Na fita da gudu ba takalmi ina ɗaga musu hannu, suka ɗauka murna nake, suka ƙara. Kafin in zagayo in dawo, uwarsa da Majo na danne da shi, ya banƙare yadda bai taɓa yi ba. Wannan karon da jikin ya saki numfashi bai dawo ba. Ba a kira azahar ba tukuna.

Don gaskiya zan rubuta cewa Majo ya ce ko da ba ƙararrawa, da wuya ya tashi, ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa. Na ji. Amma ni na san abin da na gani.

Da aka zo wanka fuskar ba ta koma daidai ba. Haka muka rufe shi yana wannan murmushin. Yanzu in yaro ya yi mini murmushi a hanya sai in kau da kai. In keke ya kaɗa ƙararrawa a bayana hannuna ke sandarewa, ko me nake riƙe da shi sai ya faɗi. Uwarsa har yau in ta sayi sabulu sai ta tsaya da shi a tsakar gida, kamar ta manta inda za ta kai. Saniya ta tafi, akuya ta tafi, rabin rumbun hatsi ya tafi a ciyar da masu dubiya da masu gaisuwa, mai kanti ya sa wani a kan sikelina don ba a jiran mai jinya lokacin awo. Ba waɗannan ke damuna ba, na faɗe su ne don wanda aka ce wa kyauta ne ya san abin da ke bayan kyauta.

Ga abin da nake roƙon duk uban da wannan takarda ta isa gare shi. In ɗanka ya faɗi, ka tuɓe shi ka duba da hannunka, ko ɗan fari ne, ko kasuwa duka za ta yi maka dariya. In ƙarfe ya huda shi, ko ƙaramin rami ne, a kai shi wurin allura ranar, ba gobe ba. In yaro ya ce maka doka ce, ka tambayi wa ya kafa ta.

Mushe Arzika ya zo gaisuwa ranar uku, a tsakiyar malamai, ya shafa fatiha ya fita tare da su. Bai sake bin layinmu ba. Na bari har aka yi sadakar arba'in. Kashegari na je lakwal. Na same shi a gindin bishiya lokacin da yara suka fita shan iska, yana gyara takardu. Da ya gan ni ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Malam Nomau, sai haƙuri. Ƙaddara ce. Kwanansa ne sunka ƙare."

Na ce, "Zauna, Mushe. Ban zo da sanda ba, ba ni kuma zuwa gun kumandan. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba kai ne za ka karanta min ita ba. Ni na koya ma yaron ga kunya, har ya kasa nuna min ƙafarsa. Kai ka koya mai shiru, ka sa ya rantse, ya riƙe maka alkawari yana ruɓewa, ya riƙe har ƙasa. Mu biyu munka yi aikin ga. Rabona na ɗauka, da shi nake tashi, da shi nake yini. Naka na nan. Ba ni ɗaukar maka shi, ba ni kuma yafe shi, don ba nawa ba ne balle in yafe. Ka jira mai shi. A nan bakinsa a ɗaure ya tahi. Ranar da za a tashe mu a buɗe za shi tashi, kuma ina nan tsaye kusa da kai sa'ad da za a tambaye shi wa ya ɗaure masa ƙafa."